Taken Sumana Mahauci

Kuran, wutar lantarki, ya dawo ke nan, fanka ta fara juyi, Anisa ta kunna bafil ɗinta, 'yar lasifikar kiɗa, sai muka ji bugu a jikin bango. Sanda ce, daga ɗakin Baba Halidu. Na ɗauke ƙafata daga kan keken ɗinki na harare ta.

"Kin ji ko? Na gaya miki akwai marar lafiya a gidan nan. Ina abin kunnenki?"

"Ya lalace, Mama. Kunne ɗaya ke aiki."

"To rage."

Ta rage, sandar ba ta daina ba. Ta kashe gaba ɗaya, bugun ya ƙara ƙarfi, har ƙasar bango tana zubowa a kan atamfar mutane da nake yanka. Can sai ga Inna Aisa, matarsa, a bakin labule, hannunta duk kumfar sabulu.

"Zalika, ya ce ba kashewa za a yi ba. Ya ce a kai mishi yarinyar, da abin nata."

Gidanmu na haya ne, a unguwar Talladje, ɗakuna a jere da pampo ɗaya a tsakar gida da bishiyar bedi, wato dogon yaro, a bakin ƙofa. Ina amarya na shigo shi na tarar da su Baba Halidu, mijina ya rasu ya bar ni a ciki, har yau bango ɗaya ne tsakaninmu. Tarinsa na sani, shi ma ya san ƙarar kekena. Yaran unguwa sun san shi da tebur a ƙofar masallaci, turare da tasbaha da huluna. Mutum ne da in ya hango rumfar biki sai ya sake hanya. Tun kafin azumi ƙafafunsa suka kumbura, aka yi ta zarya likita, a ƙarshe suka ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Mun san abin da wannan maganar take nufi.

Anisa ɗiyata ce, ita kaɗai Allah ya bar mini. Ta yi lakkol, makarantar boko, har ta gaji, ta dawo ta lafe a ƙuryar ɗaki da ordinata, kwamfutar nan tata, wai tana haɗa wa 'yan rap kiɗa. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Daga baya da na zauna na kalli yadda take yi, sai na ga ashe sana'ata ta ɗauka, kaya kawai ta sauya. Tsofaffin kaset take bi tana tsinta a kasuwar Katako, na biki da na makaɗan da. Ta yi ta saurare har ta kai wurin da mawaƙi ya ja numfashi, 'yan amshi suka yi shiru, ganga kaɗai ta rage tana magana. Wannan ɗan guntun take nema. Ta yanke shi, ta gyara masa baki, ta haɗa kansa da gindinsa ya riƙa zagayowa ba iyaka, sannan ta ɗora masa abin da za ta ɗora. Guntun suke ce wa sampul, zagayen kuma bukul. Ni ƙyalle nake ce masa.

Wanda ta kunna ranar ya daɗe da fita. Wasu samari sun yi waƙa a kansa, ya bi gari, ba fadar 'yan shayin da za ka wuce ba ka ji shi ba. Baba Halidu ne kaɗai bai taɓa ji ba, shi da yake kwance, kuma na kafa wa Anisa doka ta riƙa toshe kiɗanta a kunnenta saboda girmansa.

Muka shiga. Ɗakin yana warin man zafi da ragowar turaren da bai sayar ba. An jingina shi da filo, ƙafafun nan an ɗora su a kan tsohuwar buta da aka kifa. Anisa ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, pardon. Wallahi ban san ya yi ƙarfi ba."

"Sa shi," in ji shi.

Ta dube ni, na ɗaga mata kai. Ta sa. Kalangu ne, wata 'yar gajeriyar jimla mai zaƙi, ta hau ta sauka, ta sake hawa, ba hutu, ga wani dum-dum na inji a ƙarƙashi yana tura ta. Ya rufe ido.

"Ina kinka samo wanga?"

Anisa ta saci kallon Inna Aisa. Bara ne gara ta ci akwatin Inna, ita kuma ta fito da kwalin kaset ta miƙa wa yarinyar ta ce ko za su yi mata amfani. Inna ta duƙar da kai tana goge hannu da gefen zane, kamar ba da ita ake ba.

"Hannuna ne," ya ce.

Anisa ta ƙura wa hannunsa ido. Ita duk rayuwarta a mai sayar da tasbaha ta san shi.

"Ki goge shi, ɗiyata. Ni na aje tun ba a haihe ki ba. Ba ni son in kwanta cikin rami yara na rawa da hannuna."

"Baba, in na goge nawa, na mutane fa? Yana cikin portabul ɗin kowa, ba wayar da babu shi. Har daga Maraɗi an turo mini shi, ba su san ni na yi ba."

Kiɗan yana ta zagayawa a ƙasa-ƙasa. Na yi zaton zai yi fushi, don na san shi da zuciya, amma sai na ga ya karkata kai yana saurare kamar mai neman wani abu da ya faɗi.

"To. Abin da ya hita ya hita, Allah ya san ranar da na aje. Amma ina sauran?"

"Sauran me, Baba?"

"Kin yanke mishi wuya. Wanga ba kiɗan rawa ba ne, take ne. Taken mutum guda. Ganga na kira, ta tsaya, mai shi ya amsa. Ina wurin tsayawa?"

Ashe cikakken kaset ɗin yana cikin ordinatarta. Ta nemo wurin ta sa. Sai ga wata duniya ta cika ɗakin: shuuu na tsohon kaset, hayaniyar taro, wata mata ta rangaɗa guɗa, mawaƙi ya sauke murya. Kalangu ya rage shi kaɗai, ya faɗi jimlar nan da gari duk ya haddace, sannan ya ɗauke cak. A cikin shirun, can nesa, wani namiji yana ihu, ba a jin abin da yake faɗi. Yana gamawa ganga ta faɗo a kansa, taro ya ruɗe.

"Na ɗauka hayaniya ce," in ji Anisa a hankali. "Bai hau kan bugu ba, yana ɓata mini lissafin zagayen, sai na cire."

"Ba hayaniya ba ce. Sumana ne."

Inna Aisa ta tashi ta fita, wai za ta duba wanki.

Ni na san Sumana, ko da yake sau ɗaya na taɓa ganinsa da kyau. Mahauci ne, ubansa daga Dogondutsi, uwarsa Bazabarma, a Kirkissoye yake, hayin kogi. Kalangu kayan mahauta ne tun asali, kowane mahaucin kirki da makaɗinsa, kuma Halidu na Sumana ne tun suna samari. Tare suka ci, tare suka yi yawon biki, shi da wuƙa, wannan da ganga. Sai wata shekara sanƙarau ya shigo gari. Halidu yana Saga yana kaɗa wa wasu biki, ɗansa namiji tilo ya kwanta da safe, kafin la'asar an kai shi. Sumana ne ya ɗauki gawar yaron a hannunsa zuwa maƙabarta. Halidu ya dawo da kalangu a hammata ya tarar da tabarmin gaisuwa a ƙofar gida. A wurin ya rantse hannunsa ba zai sake taɓa fatar ganga ba.

Watanni kaɗan bayan haka mahautan Kirkissoye suka ba Sumana sarautarsu. Ranar naɗin ya aiko, Halidu bai je ba. Sai ya tsallako kogi da kansa, cikin babbar riga, ya bar mutane suna jiransa. Ina zaune bakin pampo da cikin Anisa, ina wanke shinkafa, a gabana aka yi. Ya roƙa, ya ce ko bugu ɗaya ne, ya ce yau ɗaya dai a rayuwarsa. Halidu daga cikin ɗaki ya amsa, ko labule bai ɗaga ba.

"Ni na tuba, Sumana. Ba ni raka kowa wuta da kiɗi."

Magana ce ta mai ciwo a zuciya, amma ta fita, kuma a gaban mata. Sumana ya tsaya kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ce, "To wallahi tallahi, ƙahwata ba ta sake taka gidanga sai gangarka ta kira ni." Ya juya ya fita, aka naɗa shi da makaɗin aro.

Kowa ya san rantsuwa tana da kaffara. Ko yaron makarantar allo zai gaya maka a ciyar da miskinai ko a yi azumi, magana ta ƙare. Malamai sun gaya musu, mata sun gaya musu. Ba rantsuwar ce ta riƙe su ba, kowannensu jira yake ɗaya ya fara, har cikin da ke jikina ya zama budurwa mai haɗa kiɗa. Wani lokacin idan na tuna, haushinsu nake ji su duka biyun.

"Tun da na kwanta nike tunanin Sumana," in ji Baba Halidu. "Aisa ta aika mishi da Salla. Ya aiko da cinyar rago, shi bai zo ba. Ni kau ba ni son in tahi da maganar nan bisa kaina."

Ya juyo da ido kan Anisa.

"Ke da kinka iya yanka. Kina iya cire muryarshi ki bar wurin?"

"In cire? Baba, ai ita ce amsar."

"Ita ce ta wancan lokaci. In ya ji an riga an amsa, labari ne aka ba shi. In ya ji wuri a buɗe, kira ne."

Na ce, "Baba, to rantsuwarka fa?"

"Na taɓa ganga? Ga hannuwana nan. Shi ko ya ce sai gangata ta kira shi, bai ce yaushe anka kaɗa ta ba."

Na kusa yin dariya. Tsoho a bakin kabari yana ciniki da rantsuwa kamar mai sayen atamfa a babbar kasuwa. Amma idonsa ya hana ni, don tsoro ne a ciki, tsoron kada lokaci ya ƙure.

A nan ɗakin Anisa ta baje kayanta a kan tabarma. Ta cire muryar, ta sa shiru a wurin, ta kunna. Ba daɗi, kamar kuran ya ɗauke a tsakiyar magana. Ta ciji leɓe, ta koma cikin kaset ɗin tana lalube, har ta samo wani wuri da taron ya yi tsit yana jiran mawaƙi, ba abin da ake ji sai numfashin mutane da shuuu ɗin kaset. Ta yanko wannan ta cike gurbin da shi. Ni na gane aikin sarai, in riga ta yage daga cikin kalmasarta ake yanko abin faci. Ta sake kunnawa. Ganga ta kira, ta tsaya, kuma kana jin mutane sun zuba ido suna jiran wani.

"Ƙara mishi tsawo," in ji Baba Halidu.

"Daidai tsawon na da na sa, Baba."

"Na sani. Ya tsuhwa. Numhwashinshi ba na da ba ne."

Ta ƙara. Ta haɗa kan da gindin, ya zama in gurbin ya wuce ba amsa, gangar ta sake kira.

Washegari da hantsi na ajiye ɗinkin mutane, muka ɗauki taksi ni da Anisa, bafil ɗin a cikin jakar leda kamar mun sayo kifi. Muka haye gada. Kogi ya ja baya, mata suna wanki a kan duwatsu, masu lambu suna jan ruwa. A Kirkissoye ba mu sha wahalar tambaya ba, kowa ya san rumfar Sarki. 'Ya'yansa ne ke aikin yanzu, ɗaya yana sara a kan kututture, ɗaya yana shanya kilishi a kan karan gado. Shi yana gefe a kan benci, ya rame, gemu fari fat, wuƙa da dutsen washi a cinyarsa, yana washi don kada hannu ya zauna banza.

Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa da Zabarmanci.

"Fofo, fofo. Daga ina?"

"Daga Talladje, Baba. Gidan Malam Halidu."

Wuƙar ta tsaya. Ya ƙura mini ido.

"Ke ce mai cikin nan ta bakin pampo."

"Ni ce. Ga cikin nan," na nuna Anisa.

"Ya cika?"

"Bai cika ba tukuna. Amma ba nisa."

Ya koma washi. Na fara bayani, na ce akwai wani kiɗa da ya bi gari, sai ya tare ni.

"Na ji shi. Tun azumi jikokina ke sa mini shi bisa kai. Ya ɗauko takena ya ba yara, su buɗe baki su kira ni, kahin in ce uffan su sake kira. Har gidana ya biyo ni da ba'a."

"Ba shi ba ne, Baba," in ji Anisa. "Ni ce. Bai ma sani ba sai jiya. Ni na yanke wurin, ban san na mutum ba ne. Shi ya ce in mayar."

Ta fito da bafil ɗin ta ajiye a kan benci kusa da shi, ta taɓa portabul ɗinta. Kalangu ya tashi a cikin rumfar, shi kaɗai, ba inji ba komai. Mai sara ya tsaya da gatari a sama. Gangar ta kira, ta ɗauke. Gurbin nan ya buɗe, mai tsawo, har ana jin ƙudaje a kan nama. Na ga ƙirjin tsohon ya cika da iska, na ga leɓensa ya rabu. Sai ya haɗiye. Gangar ta sake kira, ya sake haɗiyewa.

"Kashe," ya ce. "Kaset ne."

A nan haƙurina ya ƙare. Ni ba a san ni da riƙe baki ba, kuma na bar aikin mutane na tsallako kogi cikin wannan zafin.

"Kaset ne, Baba, amma hannun wa ke ciki? Mutum yana can kwance ƙafa kamar turmi, da bakinsa ya ce a ƙara maka wuri saboda ka tsufa, numfashinka ba zai kai ba. Wanda ke maka ba'a ne zai tuna da numfashinka? Ya yi maka magana mai zafi, ina wurin, na ji. Ɗansa ya binne. Kai ka ɗauki yaron, ka fi kowa sani. In kana jira ya taso ya rataya ganga ya zo nan, to ba zai zo ba, sai dai a zo a gaya maka lokacin jana'iza."

Babban ɗansa ya matso yana cewa, "Haba Hajiya, a yi haƙuri." Tsohon bai ɗago ba. Ya ɗiga ruwa a kan dutsen ya ci gaba da washi. Muka tattara muka fito. A cikin taksi Anisa ta juya fuska wajen taga tana share ido, ni kuma ina ta cin kaina, ko bakina ne ya ƙarasa ɓata abin.

Mun tarar jikin ya ƙara nauyi. Numfashi yake ja da ƙyar, Inna Aisa tana ɗiga masa ruwa da cokali. Da ya gan mu ya duba bayanmu, ya ga ba kowa.

"Ya ji?"

"Ya ji, Baba."

"Ya amsa?"

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Na kasa.

"Bai amsa ba."

Ya lumshe ido. Na ɗauka barci ne, sai ya ce, "A bar ta ta yi ta kira."

Inna Aisa ta ce, "Malam, a wannan halin? Karatu ya kamata a sa maka, ba kiɗi ba. Mi mutane za su ce?"

"Ki yi mini karatun nan ciki. Ita a kai ta ƙohwar gida."

Haka aka yi. Anisa ta ajiye bafil ɗin a gindin bedi, ta rage shi daidai yadda zai kai bakin titi, ta zauna kusa da shi a kan bulo. Cikin ɗaki Inna tana karanta abin da ta haddace, waje kalangu yana kira yana tsayawa. Masu wucewa masallaci suna kallon gidan suna kallon juna. Wani dattijo ya tsaya ya ce ashe haka Malam Halidu zai ƙare, na ce masa ya wuce salla kada ta tsere masa. Wasu 'yan mata da suka gane kiɗan suka fara gyaɗa kafaɗa, da gurbin ya zo suka tsaya sororo, suka ce ya lalace ne? Anisa ta ce a'a, haka yake.

Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Inuwar bedi ta tsallake titi ta hau katangar maƙwabta. Na koma kan keke don in sami abin yi, na ɗinka hannun riga a baibai, na farke. Duk lokacin da gangar ta ɗauke sai in ji ni ma na riƙe numfashi.

Rana ta yi ja lokacin da ɗan kabu-kabu ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar gida. Sumana ya sauko da ƙyar, yana dafa kafaɗar yaron. Ya sa babbar riga, tsohuwa, mai karin ninki, da hula. Bai gaishe da kowa ba. Ya zo daidai dokin ƙofa ya tsaya, yatsun ƙafarsa a waje. Anisa ta miƙe za ta yi magana, na ɗaga mata hannu.

Gangar ta kira, ta tsaya. Ya bar wannan ya wuce, yana tara iska. Ta sake kira. Da ta ɗauke, sai ya ɗaga hannun dama sama, ya dunƙule, kamar mai riƙe da wuƙa.

"Sai ni Sumana, na Halidu!"

Muryar ta fashe, ya tsaya ya yi tari. Gurbin yana nan a buɗe yana jiransa.

"Jikan masu wuƙa, ɗan Arewa! Bajimi ya gan ni ya aje ƙaho! Na Halidu ina yaro, na Halidu da hurhura!"

Yana rufe baki kalangu ya faɗo a kan kalmarsa ta ƙarshe, daidai, ba ragi ba ƙari. Daga cikin ɗaki muka ji sanda ta bugi bango sau ɗaya. Anisa ta kashe bafil ɗin. Ita da ba abin da ke wuce ta ba ta ɗauka a portabul ba, wannan ba ta ɗauka ba, hannunta biyu a kan bakinta suke. Sumana ya tuɓe takalmi ya tsallako.

Na bi shi har bakin labule. Ya zauna a gefen katifa, suka kalli juna, tsofaffi biyu da duk suka lalace.

"Ka daɗe," in ji Baba Halidu.

"Gada ce ta cushe."

"Ka ci rabin kirarin."

"Haƙora sun zube, da mi zan riƙe shi?"

Baba Halidu ya yi wani abu mai kama da dariya, ya koma tari. Da ya lafa ya lalubo hannun Sumana.

"Maganar da na hwaɗa maka..."

"Na yahe. Tun ranar na yahe, hushi ne ya rage. Kai ma ka yahe mini. Da na zo tun da ƙahwarka."

"Na yahe."

Na saki labulen na koma tsakar gida. Inna Aisa tana zaune bakin pampo, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na zauna kusa da ita, ban tambaye ta ko da gangan ta ba Anisa kwalin kaset ɗin ba, har yau kuma ban tambaya ba.

Sumana bai koma hayi ba. Shi ya yi ta laƙƙana masa kalmar shahada, kuma a hannunsa Baba Halidu ya cika da safe, rana ta ɗan ɗaga, lokacin da masu koko suke kwashe kayansu. Na ji zafin mutuwarsa fiye da yadda na zata. Shekara da shekaru ina jin tarinsa ta bango, ranar na kasa kunne ban ji komai ba.

Maza suka kewaye bayan ɗaki da tabarmi don wanka, Sumana ya ce shi zai yi, liman ya zuba masa ruwa. Mata muna zaune a tsakar gida, maƙwabta suna shigowa, wannan ta ce Allah ya jiƙansa, waccan ta yi ta'aziyya da Zabarmanci ta ce fonda tilas. Da aka gama ya fito, hannuwan rigarsa a naɗe, jiƙe har gwiwar hannu. Ya zo ya tsuguna gaban Inna Aisa, ya yi magana a hankali, amma ina kusa, na ji.

"Aisa, jikin ya yi laushi, alhamdulillahi. Hannun hagu ne kawai. In na miƙe shi sai ya koma ya manne ga haƙarƙari, inda ganga ke zama." Ya share gemu da bayan hannu. "Na bar mishi shi haka nan."

Ya tashi ya fita ƙofar gida jiran a fito da makara. Bafil ɗin Anisa yana nan a gindin bedi inda ta manta shi tun jiya, ganye ya zuba a kai. Ya zauna a kan bulon kusa da shi, ya ɗora jiƙaƙƙun hannuwansa a kan gwiwa, ruwa yana ɗiga daga yatsunsa cikin ƙasa.